Kwaɗina a Ƙarƙashin Indararo

A shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Zariya ba ni da wani aikin kirki, sai malamar da ta duba mini binciken digiri ta kira ni ta ce ko zan taya ta kula da wasu kwaɗi. Na ce to, tun kafin in tambayi ko wane iri ne. Ilimin dabbobi na karanta, amma har zuwa lokacin kwaɗon da na fi sani shi ne wanda aka jiƙa a kwalba, wanda ba ya tsalle kuma ba ya jin yunwa.

Waɗannan manya ne, irin na ruwa da ake kira burduddugi, waɗanda ake kamawa a kyafe a kai kasuwa. A wani kududdufi suke a bayan Samaru, kusa da inda na girma. An sayar da filin, masu gini suka fara zuba ƙasa, sai Malama ta ɗebi ɗalibai suka je suka tsamo abin da ya rage. Ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Burinta shi ne su yi ƙwai a hannunmu, mu raini 'ya'yan, mu sake su a wani ruwan da ba a kamu. Tana ganin suna raguwa a kewayen gari. Ni ba zan iya rantsuwa a kan yawansu ba, domin ban taɓa ƙirga su ba, amma na san muna yara ba a raɓar bakin kududdufin nan ba tare da an ji faɗawarsu cikin ruwa ta ko'ina ba, daga baya kuwa sai mutum ya zagaye shi kaf bai ji ko ɗaya ba.

Mun fara lafiya lau a wata rumfa da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a Samaru. Sai aka shiga yajin aiki a tsakiyar damina. Aka rurrufe ƙofofi, mai kunna famfo ya daina zuwa, Malama kuma tafiya ta kama ta zuwa wajen mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Ranar da za ta tafi ta dube ni ta ce ai ina da ɗaki. Na ce ina da shi, amma na haya ne, a Sabon Gari, wajen Jushi, a gidan da ya cika da mutane. Ta ce to, ai kwaɗi ma ba su da yawan kaya.

Mai gidan hayarmu mace ce, 'yar kasuwa daga kudu, wadda ta daɗe a Zariya har 'ya'yanta sun fi ni iya ashar da Hausa. Kowa Mama yake ce mata. Ni kuma Dokta take kirana, ko da yake na sha gaya mata ban kai nan ba. Na yi kwanaki ina shirya yadda zan faɗa mata, har na tsara jawabi a kan amfanin kwaɗi ga noma da lafiyar jama'a. Da na je tana tsinke ganyen miya, ban kai rabin jawabin ba ta tsayar da ni ta tambaya ko na ci ne. Na ce a'a. Ta tambaya ko na sayarwa ne. Na ce a'a. Ta ajiye tiren ta dube ni sosai.

"To Dokta, in ba a ci ba a sayar, me ake yi da su?"

"So ake su haihu, Mama."

"Su haihu a yi me da 'ya'yan?"

"A sake su."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. Amma ta yarda. Ta ba ni ƙarƙashin rumfar kwano da ke jikin ɗakina, da sharaɗi ɗaya: da zarar ruwa ya ɗauke, motar manjanta za ta zo daga kudu, kuma a nan take jera jarkoki kowace shekara. Ranar da manja ya iso, kwaɗi za su bar gidan, ko sun haihu ko ba su haihu ba. Na ce na ji. A zuciyata kuwa na san abin da wannan ke nufi. Waɗannan kwaɗi da damina kawai suke ƙwai. In ruwa ya ɗauke ba su yi ba, ba ni da inda zan riƙe su har wata shekara, kududdufinsu kuma an riga an kafa tubali a kansa. Sai dai in kai su wani tafki in zuba, inda masu kamu za su kwashe su kafin sanyi ya shiga.

Na sayi durom ɗin roba shuɗi a wajen unguwar PZ, wani kafinta da ke haya a ɗakin ƙofar gida ya raba mini shi biyu a tsaye, ya yi wa kowane rabi murfin katako da raga. Shi ma bai bar ni haka ba. Kullum zai fita aiki sai ya leƙa ya gaishe su, ya ce mini ina kwanan amare, an tashi lafiya. Na zuba yashi da duwatsu a gefe ɗaya don su sami wurin hawa, na sa ciyawar ruwa da fasasshen tukunya don ɓuya. Na ware manya daban da matsakaita, kowane rabi da maza da mata, domin burduddugi ba ya jin kunyar haɗiye ɗan'uwansa in ya fi shi girma.

Abinci ne ya fi ba ni wahala. Ba sa cin abin da ba ya motsi. Na koyi tono tana a bayan makewayi, na koyi kiwon gyare a cikin kwali da ɓawon dankali da guntun kabeji. Kyankyasai suna da yawa a gidan, matan gida ma sun yi mini tayin nasu kyauta, amma na ƙi, saboda kusan kowane ɗaki ana fesa maganin sauro, kuma ban san wanne ya sha wanne bai sha ba. Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ya taɓa ta. Saboda haka ban taɓa kama su da hannun da ya taɓa sabulu ko man shafawa ba. Ruwan famfo kuwa, in an yi sa'a ya zo, sai in tara shi a bokiti in bar shi ya kwana a buɗe don warin magani ya fita. Wani lokaci har in ƙara masa kwana, don ban yarda da hancina ba.

Suka yi ƙiba, suka yi sheƙi. Matan, waɗanda suka fi mazan girma, cikinsu ya cika har ana gani. Amma ƙwai shiru. Da safe in ɗaga murfi in duba ciyawa ɗaya bayan ɗaya, in ga ba komai, su kuma su zuba mini ido kamar masu jiran a sallame su.

Na san dalili, ko in ce ina zaton na sani. A daji ba sa haɗuwa sai an yi ruwa mai ƙarfi, kududdufi ya cika farat ɗaya da sabon ruwa mai sanyi. Nawa kuwa suna ƙarƙashin rumfa, ruwan duroms ɗinsu kullum daidai yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Na kira Malama na faɗa mata. Ta ce in rage musu ruwa na ɗan lokaci, sannan ranar da hadari ya haɗu in fitar da su tsakar gida ruwan sama ya dake su sosai. Na ce to. Na rage ruwan. Amma batun fitarwa sai na yi ta juya shi. In durom ya cika ya tumbatsa fa? In raga ta yage suka bi kwata? Ga kyanwar maƙwabta, ga shirwa, ga yara. Ruwan da ke sauka daga kwanon rufi kuma wa ya san tsatsa da kashin tsuntsun da ke cikinsa?

Sai na ƙirƙiro dabarar da nake ganin ta fi aminci. Na huda gindin wani gwangwanin madara da ƙusa, duk ranar da ake ruwa in tsuguna a ƙarƙashin rumfa in riƙa yayyafa musu ruwan da na tace. Da na ba Malama labari a waya sai ta ce, "Ruwan sama na ce ka ba su, kai kuma alwala kake yi musu." Ta ce in daina tsoro in fitar da su. Na ce insha Allahu a ruwa na gaba. Ruwa na gaba ya zo da iska, na ce wannan ya yi ƙarfi. Na bayansa yayyafi ne, na ce wannan bai isa ba. Ana haka masara ta fara shigowa kasuwa da araha, gero ya fitar da kai, Mama kuma ta fara waya da mutanen kudu a kan manja, da ƙarfi, a tsakar gida, ina ji.

Akwai wata al'ada a gidanmu da duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya san irinta. Ruwan famfo ba shi da tabbas, na 'yan garuwa kuma saye ne, don haka da zarar an ji ɗigon farko a kan kwano, duk matan gida sai su fito a guje. Bokiti, baho, tukunya, jarka, har kwanon wanke-wanke, komai sai an jera shi a bakin rufi. Akwai babban indararo a kusurwar da rufin Mama ya haɗu da nawa, nan ne ruwa ya fi zuba, kuma nan ake ajiye abin da ya fi girma. A wajen matan nan, a bar mazubi babu ruwa alhali sama na zubarwa kyauta, wannan ba sakaci ba ne kawai, kusan rashin godiya ne.

Ranar da abin ya faru na tafi Samaru da hantsi neman tana, don na bayan makewayinmu sun ƙare. Sama fes take da na fita. Ina cikin tono a gefen wani lambu hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin in sami mota ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fake a wata rumfar mai shayi ina ta lissafin cewa ai kwaɗina suna ƙarƙashin rufi, babu abin da zai same su. Har na ɗan ji daɗin cewa ba na gida, balle in sake yin gardama da kaina a kan fitar da su.

Da na iso gida da la'asar ruwa ya tsagaita. Ina shiga na ga ƙarƙashin rumfata wayam. Duroms ɗin biyu suna can kusurwa, ɗaya a ƙarƙashin indararo, ɗaya a gefensa, cike har baki, ruwa na malala ta cikin raga. Na ajiye ledar tana na nufi wajensu.

Mama ce ta fito ta yi mini bayani, hankalinta kwance. Ta ce ruwa ya zo da yawa, duk mazubai sun cika, ita da matar kafinta da wata mai ɗinki suka waiga suka ga manyan duroms har biyu da ɗan ruwa a gindi. Sun san ina wahalar tara ruwa ina jiransa ya kwana, sai suka ce bari su taimaka mini. Su uku suka ja su. Ta ce ba su buɗe murfin ba, don mai ɗinki ta rantse in ɗaya ya taɓa ta sai ta bar gidan.

"Mama, ai da kun jira ni," na ce.

"Mu jira ka ruwa ya wuce? Dokta, kwaɗo ne fa. Ka taɓa jin ruwa ya kashe kwaɗo?"

Na so in yi mata bayanin tsatsa da kashin tsuntsu, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Na durƙusa na leƙa. Ruwan ya yi sanyi, ya ɗan yi duhu, yashin da na jera da kyau ya watse. Kwaɗin suna manne da raga ta ciki, hancinsu a waje. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa, ɗaya babu. Wani namiji matsakaici ya sami inda katako ya ɗan ɗaga ya fice. Nan fa gida ya tashi da nema. Kafinta ya ɗauko tocila ya haska ƙarƙashin tukwane, yana cewa ango ya gudu tun ba a ɗaura ba. Daga ƙarshe a cikin bahon wankin mai ɗinki aka same shi, zaune a kan kayan da ta jiƙa, sa'ar da aka yi ba ta riga ta zuba omo ba. Ba ta bar gidan ba, amma ta yi mako ba ta amsa gaisuwata.

Na rage ruwan kaɗan don su sami wurin numfashi, na ɗaure murfin da waya. Na yi niyyar mayar da su ƙarƙashin rumfa in canja ruwan gaba ɗaya, sai dai duroms ɗin sun yi nauyi, kuma ruwan da na tace bai isa ba. Na ce bari in bari sai da safe. Wajen magariba sai muka ji wani gurnani mai kauri daga kusurwa, kamar ana jan tebur a kan siminti. Ɗaya ya fara, wani ya amsa. Tun da na kawo su gidan ban taɓa jin muryarsu ba. Mama ta leƙo ta taga ta tambaya ko lafiya. Na ce ina jin mazan ne ke kiran matan, amma ban tabbata ba.

Da safe na ɗaga murfi na ga ƙwai. Ƙanana ne, rabi baƙi rabi fari, kowanne cikin ɗan yauƙi, sun manne a ciyawa da jikin fasasshen tukunya, wasu a kwance a gindi. Nan take na kira Malama. Ta ce in yi maza in fitar da iyayen kafin su tattake su ko su cinye abin da zai ƙyanƙyashe. Ta tambaya ko a ƙarshe na yi ƙarfin halin fitar da su. Na gaya mata yadda aka yi. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce in gaishe mata da Mama.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya cika da 'ya'ya masu wutsiya, baƙaƙe, suna ta wutsil-wutsil. A nan wani sabon tsoro ya same ni, domin 'ya'yan burduddugi ma suna cin junansu in wuri ya ƙure ko abinci ya yi kaɗan. Dole a rarraba su. Matan gidan da suka ja duroms su ne suka ara mini bahuna, kowacce ta ba da wanda ya tsufa. Na wanke su da ruwa zalla sau da yawa, na shanya a rana, na jera. Ina ba su garin abincin tarwaɗa da ɗan dafaffen alayyahu, ina tsame ragowar kafin ya ruɓe. Da Mama ta yi ƙorafin cewa wannan ruwa da na jera zai tara mana sauro, na ɗebo tsutsotsin sauro daga wata tsohuwar taya na zuba wa 'ya'yan kwaɗin a gabanta. Kafin ta gama gyara ɗaurin kallabi sun cinye su. Daga ranar ta riƙa aiko mini da duk ruwan da ta ga yana motsi.

Ba duka suka rayu ba. Wasu sun mutu ban san dalili ba, baho ɗaya kuma na tarar da shi da safe saura 'yan ƙalilan masu ƙiba sosai, waɗanda ba su nuna wata nadama ba. Amma da yawa sun fitar da ƙafafun baya, sannan na gaba, wutsiya ta riƙa guntulewa. Na sa musu duwatsu don su hau, domin a wannan gaɓa suna iya nutsewa in ba su sami tudu ba. Ranar da na ga na farko zaune a kan dutse, bai fi kan babban yatsa ba amma da zaman manya, na kira kafinta ya gani. Ya ce wannan da ubansa yake kama, wanda ya shiga bahon wanki.

Motar manja ta iso bayan ruwa ya ɗauke, kamar yadda aka faɗa. Mama ba ta ɗaga mini ƙafa ba, ni ma ban roƙa ba, don a lokacin an janye yajin aiki, Malama ta dawo. Iyayen muka mayar rumfar Samaru. Ƙananan kuwa Malama ta riga ta shirya musu wuri a wani ƙauye da ke gaba da Samaru, a gonar wani dattijo da ke da tafki a fadamarsa wanda ba ya ƙafewa da rani. Ranar Lahadi muka je, muka jira ya dawo daga coci. Ya ce shi ba ya barin masu kamu su shiga fadamarsa, ba don son kwaɗi ba, don suna tattake masa rake.

Na ɗauko bokitan daga mota na kai bakin ruwa. Na taɓa ruwan tafkin na taɓa na bokiti, na ga kamar ba su yi daidai ba, sai na riƙa zuba na tafkin kaɗan-kaɗan a ciki. Na tambayi dattijon ko yana fesa maganin ciyawa a kusa, ya ce sai can sama. Na tambaye shi batun balbela da macizai. Ya ce akwai su, suna nan tun kafin a haife shi. Ina shirin wata tambayar Malama ta ce mini rana na yi.

Na karkata bokitin farko cikin ciyawa. Wasu suka yi tsalle nan take suka ɓace, wasu suka tsaya a baki sai da na ɗan girgiza. Dattijon ya tsuguna yana kallo, sannan ya tambaye ni, in ya ga kwaɗo a fadamar nan baɗi, yaya zai gane nawa ne ko na Allah. Na yi tunani sosai, na ce gaskiya ba na jin akwai yadda za a gane. Ya ce to madalla, ya miƙe ya je ya karyo mana rake.